Kuruwa ko sarƙa: tambayar da ya kamata malami ya yi kafin ya biya kuɗin mota

A wurin cinikin tsohuwar mota, ko a Yamai ne ko Maraɗi ko Damagaram, tambayoyinmu ba su cika wuce huɗu ba: shin takardun duwan sun cika, sanyi na aiki, tana shan mai da yawa, kuma nawa ne na ƙarshe. Idan mai saye ya ɗan waye sai ya ƙara ta biyar, ya ce kuruwa ce ko sarƙa? Da zarar dillali ya ce sarƙa ce, sai ka ga hankalin kowa ya kwanta, kamar an ce motar ba za ta ƙara ganin gareji ba. Ni kuwa ina ganin wannan kwanciyar hankalin ta yi gaggawa, kuma tsoron da ake yi wa kuruwa ya wuce kima. Mai albashin wata, wanda ya haɗa kuɗin motarsa da adashe ko bashin banki, ya kamata ya san abin da ke bayan kalmomin nan biyu, domin a nan ne ake yin asarar da ke cinye albashin watanni.

Bari mu fara da aikin abin. A cikin inji akwai sanda ta ƙasa wadda fistan ke juyawa, akwai kuma ta sama wadda ke buɗe supap tana rufewa, wato ƙofofin da iska da mai ke shiga, hayaƙi ya fita. Dole sandunan nan biyu su tafi da ƙafa ɗaya: ta ƙasa ta yi juyi biyu, ta sama ta yi ɗaya, ba ƙari ba ragi. Abin da ke ɗaure su wuri guda shi ne ko dai ɗamara ta roba mai haƙora, wadda makanikanmu ke kira kuruwar distiribisiyo, ƴan uwanmu na Kano da Katsina su ce taimin bel, ko kuwa sarƙar ƙarfe mai kama da ta babur. Idan inji na juyi 3,000 a minti, kowace supap tana buɗewa sau 25 a cikin daƙiƙa ɗaya. A irin wannan gudun, kuskuren haƙori ɗaya ya isa ya sa mota ta rasa ƙarfi, tsinkewa kuwa gaba ɗaya sai abin da Allah ya yi.

A kula, wannan kuruwar daban take da wadda ake gani a waje idan an ɗaga murfin inji, mai juya na'urar cajin batir da ta sanyi. Waccan idan ta tsufa takan yi ƙara, kowa ya ji. Ta distiribisiyo tana ɓoye bayan murfin roba, kuma galibi ba ta sallama kafin ta tsinke.

Abin da ke faruwa bayan tsinkewar shi ne ya raba injuna gida biyu, kuma wannan rabon ya fi rabon kuruwa da sarƙa muhimmanci ga aljihu. Akwai injin da aka ƙera shi ta yadda fistan da supap ba sa haɗuwa ko da lissafi ya ɓace. Irin wannan idan kuruwarsa ta tsinke, mutuwa kawai zai yi a tsakiyar hanya. A ja shi gareji, a sa sabuwa, a ci gaba da tafiya. Injunan esans na tsofaffin Toyota Corolla da Carina E, masu lamba 4A-FE da 7A-FE da 3S-FE, suna cikin wannan gida, kuma yana daga dalilan da suka sa masu taksi suka riƙe su tsawon shekaru. Ɗaya gidan kuwa, fistan da supap wuri ɗaya suke rabawa, wannan ya kauce wancan ya shigo. Idan kuruwa ta tsinke, supap ta tsaya a buɗe, fistan ya taso ya doke ta ta lanƙwashe. Peugeot 206 da 307 da 406, Renault Clio da Mégane, Dacia Logan, Honda Civic ta kafin 2006, duk nan suke. Injin gazuwal kuwa kusan babu wanda ya tsira daga wannan, domin matsewar da yake buƙata ba ta bar fili a sama ba.

To ka ga kuruwa biyu, farashinsu a kanti kusan ɗaya, amma tsinkewar ɗaya kuɗin jan mota ne da kwana ɗaya na ɓacin rai, tsinkewar ɗayar kuwa sai an kwance kan inji, a sayi supap wataƙila har 16, a sayi sabon gasket, a kai kan injin wurin masu gyara shi, idan fistan ya fashe a nemi wani inji na hannu gaba ɗaya. Wanda ya ce maka kuruwa duk ɗaya ce bai taɓa biyan na biyun ba.

Sarƙa tana da nata alherin, ba zan tauye mata ba. Tana cikin inji, mai na wanke ta kullum, ƙura ba ta kai mata, zafin rana bai busar da ita. Masu ƙera motoci da yawa ba su ma sa mata ranar canji ba. Tsohuwar Peugeot 504 ta esans, wadda iyayenmu suka sani a tashoshin mota, da sarƙa take aiki, kuma an ga irin wahalar da ta jure. Toyota ma daga shekarar 2000 ta mayar da Corolla ta esans kan sarƙa a injunan da aka rubuta wa VVT-i, haka Yaris tun fitowarta. Nissan Micra da Almera masu esans galibi sarƙa ce, Honda Civic daga 2006 sarƙa ce. Babban abin da na fi yaba mata shi ne tana gargaɗi. Idan ta fara sakwarkwacewa za ka ji ƙarar ƙarfe da safe lokacin tayar da mota, kamar ana kaɗa tsakuwa a gwangwani, na ɗan lokaci sannan ta yi shiru. Wanda ya ji wannan ya nufi gareji, ya tsira da injinsa.

Amma ran sarƙa yana hannun man inji. Abin da ke riƙe ta tam, matsin mai ne ke tura shi. Idan man ya yi ƙasa, ko ya daɗe ya zama kamar kwalta, ko kuwa irin wanda ake aunawa a kwalba a bakin hanya ne ba a san asalinsa ba, sai ƙananan hanyoyin mai su toshe, sarƙa ta riƙa dukan robobin da ke jagorantar ta, gaɓoɓinta su cinye har ta ƙara tsawo. Daga nan sai ta tsallake haƙori. Kuma injunan zamani masu sarƙa kusan dukkansu irin waɗanda fistan ke dukan supap ne. Ranar da za a canza ta aikin ya fi na kuruwa nauyi nesa ba kusa ba: a kwance gaban inji, a zubar da mai, wani lokaci a sauke kaskon ƙasa, a canza sarƙar da robobinta da maɗaurinta da giyoyinta. Kuruwa aikin yini ɗaya ce a mafi yawan ƙananan motoci. Sarƙa tana iya kwantar da mota kwanaki, musamman idan sai an aiko da kayan daga Yamai ko kasuwar Ƙofar Ruwa ta Kano.

Kada kuma a ɗauka duk inda aka ce sarƙa an gama magana. Injin esans na 1.6 da Peugeot ta yi tare da BMW, wanda ke cikin 207 da 308, ya yi suna a Turai wajen miƙewar sarƙa tun motar ba ta tsufa ba. Volkswagen ta sha irin wannan a ƙananan injunanta na 1.2 da 1.4 TSI, har ta kai a 2012, da fitowar Golf 7, ta koma kan kuruwa. Kamfani mai girman wannan ba zai bar sarƙa ya koma roba ba in da sarƙar ba ta da aibu. Ko a gida ɗaya ma ana samun bambanci: tsohuwar Corolla ta gazuwal mai 2.0 D-4D kuruwa ce, mai 1.4 D-4D sarƙa ce. Opel Corsa mai 1.2 sarƙa, Astra mai 1.6 kuruwa. Saboda haka sunan mota kaɗai bai isa amsa ba, lambar inji ake tambaya.

Akwai kuma iri na uku da nake so ƴan uwa su buɗe ido a kansa, domin yanzu ne shekarunsa suka kai na motocin da ake lodowa zuwa ƙasashenmu. Daga 2012 wasu kamfanoni sun fara sa kuruwar roba a cikin mai, don rage shan esans. Injin 1.2 PureTech na Peugeot 208 da 2008 da 308 da Citroën C3 haka yake, haka 1.0 EcoBoost na Ford Fiesta da Focus. A Faransa an ga robar tana marmashewa a cikin man, ɓarɓashinta ya toshe rariyar famfon mai, har ya shafi ƙarfin birki a wasu motocin. An kira motoci masu yawa a koma da su gareji, kamfanin ya rage wa'adin canji zuwa kilomita 100,000 ko shekara 6, daga baya ya fitar da sabon injin da sarƙa. Wannan ya faru ne a ƙasar da ake samun ainihin man da kamfani ya ce a zuba. Ina ga nan da muke zuba wanda ya samu? Shawarata a fili take: komai kyan fentinta, malamin da ke Madawa ko Tasawa ko Mirriya ya bar irin wannan motar ga masu kuɗin wasa.

Yanzu mu zo ga kuɗi, inda lissafin Turai da namu suka sha bamban. A can ladan aiki ne ke da tsada. Canjin kuruwa da kayanta a ƙaramar mota yakan ci ɗaruruwan yuro, kuma yuro 500 a canjin da aka tsayar na sefa 655.957 ya kusa jika 328. Mutumin da motarsa ta shekara 12 ko 15 yakan duba wannan kuɗin ya ga ya kusa rabin darajar motar, sai ya sayar da ita kafin ranar canjin ta zo. Wace mota ce ke hawa jirgin ruwa ta sauka Kwatano ko Lome? Sau da yawa ita ce. Wato motar da muke murna da ita muna cewa sabuwar shigowa, wataƙila ta zo ne da kuruwar da mai ita ya guje wa biya. Lambar da ke kan kontar kuwa, kowa ya san ana iya mayar da ita baya, ba hujja ba ce.

A nan gida abin juye yake. Ladan makanike bai kai na can ko kusa ba, kayan ne ke da tsada, kuma tun da hanyar Gaya ta rufe a 2023 tafiyar kaya ta ƙara tsawo. Don haka jarabar da ke gabanmu ita ce rage kaya: a sayi kuruwar kaɗai a bar sauran, ko a sayi mafi araha. Duka biyun asara ne da aka jinkirta. Kuruwa ba ta tafiya ita kaɗai, tana bi ta kan ƙananan tayoyin ƙarfe masu boris da ke matse ta, a motoci da yawa kuma ita ke juya famfon ruwa. Idan boris ɗin da ya shekara goma ya cije, sabuwar kuruwa zai tsinka kamar yadda zai tsinka tsohuwa. Tunda an riga an buɗe wurin, a canza duka a lokaci ɗaya, har da robar da ke hana mai yoyo, domin mai idan ya taɓa busasshiyar kuruwa cinye ta yake yi. Batun araha kuwa, Gates da Continental da Dayco da Mitsuboshi sunaye ne na ƙwarai, amma ana buga sunayen nan a kwalin jabu. Ka sayi kayan da kanka a wurin mai kantin da zai ga fuskarka gobe, ka ce a nuna maka tsofaffin da aka cire. Araha ba ta ado, a wannan wurin ma ba ta kai ka gida.

Ga lissafin da kowane malami zai iya yi a allo. Mu ɗauka, don misali kawai, makanike ya ce maka kaya da aiki duka jika 90. Idan za ka yi shi sau ɗaya a shekara 4, wato wata 48, kowane wata sefa 1,875 ke nan, bai kai jika 2 ba. Ka sa farashin garinku a wurin 90 ɗin ka sake rabawa, za ka ga dai bai wuce kuɗin katin waya ba. Wannan shi ne abin da nake so game da kuruwa: kuɗinta sananne ne, ranarta sananniya ce, ana iya tara mata kamar yadda ake tara kuɗin ragon Layya. Mai albashi yana iya ɗaukar nauyin da ya san ranar zuwansa. Wanda ke karya shi shi ne na ba zato, wanda kan faɗo a watan Oktoba ana tsakiyar sayen kaye da littattafai da ɗinkin kayan lekol.

Me ya sa na ce shekara 4, alhali littafin mota na iya cewa kilomita 90,000 ko 120,000? Saboda littafin yakan ba da ma'auni biyu, nisa ko shekaru, duk wanda ya riga zuwa, mu kuwa na farkon kaɗai muke karantawa. Malamin da ke zuwa makaranta ya dawo, ya kai yara, ya je ƙauye lokacin hutu, da wuya ya wuce kilomita 8,000 a shekara. Kafin ya cika 100,000 sai ya shekara 12 da rabi. Babu robar da za ta jure shekara 12 a ƙasar da zafin Afrilu da Mayu ke wuce digiri 40 a inuwa, balle a gefen inji. Littattafan da kansu sukan ce a rage wa'adi inda ake da ƙura da tsananin zafi, kuma mu ne wannan wurin. Sai a haɗa da wata ɗabi'a da nake gani a garejinmu: a cire murfin roba na kuruwa don wani gyara, a ga mayar da shi wahala ne, a jefar. Daga ranar yashi da ƙurar hunturu ke shiga tsakanin haƙora suna ci kamar zarto. Idan ka ɗaga murfin inji ka hango kuruwar distiribisiyo tsirara, kada ka bar wurin sai an rufe ta.

Masu goyon bayan sarƙa za su ce duk wannan wahalar ai ita suka guje wa, kuma suna da gaskiya rabi. Idan aka ajiye mini Corolla mai VVT-i da Peugeot 307 masu shekaru ɗaya, kuɗi ɗaya, zan ɗauki Corolla, ban musa ba. Amma zan ɗauke ta ne bayan na zo da sassafe na ji tashinta na farko da kunnena, domin dillali mai wayo yakan ɗumama inji kafin mai saye ya iso. Zan buɗe murfin zuba mai in leƙa: idan na ga baƙin dasashi ya kama ciki, na san tsohon mai ita ya yi wasa da juyen mai, sarƙar kuma ta riga ta biya. Bayan saye kuma, juyen mai da tace duk kilomita 5,000 ko wata 6, da man da ke cikin galan a rufe. Wanda ya san ba zai iya riƙe wannan ba, tsohuwar Corolla mai kuruwa ta fi masa rufin asiri, domin ita tana yafe sakaci fiye da ƴar uwarta.

Wanda kuma zai sayi mai kuruwa, ya sa kuɗin canjinta cikin ciniki tun kafin a yi sallama. Idan mai sayarwa ya ce an canza kwanan nan, a nemi takarda ko ɗan tambarin da ake mannawa a jikin inji mai kwanan wata da kilomita. Babu shaida, to a ɗauka ba a canza ba, a wuce da ita gareji kafin a wuce da ita gida a nuna wa iyali. Ba a fafe gora ranar tafiya. Tsakanin Yamai da Damagaram kusan kilomita 900 ne, kuma duk wanda ya bi hanyar ya san akwai wuraren da ba ka so mota ta mutu maka da magariba, da mata da yara a baya, ruwan sha ya ƙare.

Saura magana ɗaya da ta shafe mu kai tsaye a matsayin malamai da iyaye. Yawancin asarar da na lissafa rashin rubutu ne ya jawo ta. Mu da muke cika rajistar aji kullum, muna rubuta makin kowane yaro, ba mu da kaye ɗaya a cikin mota da za mu rubuta ranar juyen mai da ranar canjin kuruwa. Kaye na dala ashirin ya isa. Ranar sayar da motar ma shi zai ƙara mata daraja.

Haka yaran da muke turawa koyon gyaran mota. Da yawa ana kai su gareji ne bayan an ce lekol ta gagare su, kamar aikin ba ya son karatu. A zamanin 504 wataƙila kunne da hannu sun isa. Yau akwai injuna, irin na Renault mai 1.6 da supap 16, waɗanda giyoyinsu ba su da makullin da ke nuna wurin zamansu, sai da ƙarafan saiti na musamman da bin umarnin littafi ake ɗaura musu kuruwa daidai. Yaron da ke sa alama da fenti yana fatan dacewa, wata rana zai lanƙwasa supap ɗin wani da hannunsa. Wanda ya iya karanta lambar inji, ya duba wa'adi, ya san ƙarfin da ake ɗaure kowane ƙusa da shi, shi ne makaniken da za a riƙa nema. Muna da makarantun koyon sana'a a garuruwanmu, muna da lise teknik ta Ɗan Ƙasawa a Maraɗi. Uban da ɗansa ke son ƙarfe ya daure ya bar shi ya iya karatu da lissafi tukuna, ko ya haɗa masa biyun, safe aji yamma gareji.

Ku kuma ƴan uwa da ke da mota a ƙofar gida yanzu, ku tambayi kanku yau: injina kuruwa ne ko sarƙa, idan kuruwa ce yaushe aka canza ta, idan sarƙa ce yaushe na juye mai? Wanda bai san amsa ba ya leƙa wurin makanikensa a wannan makon, tun motar tana kai kanta da ƙafarta. Allah ya tsare mana hanya, ya sa albarka a cikin ɗan abin da muke samu.